Yadda Za a Mayar da Tsohon Ginin Zamanin Turawa Zauren Karatu a Sakkwato

Duk wanda ya saba zagaya Sakkwato da ƙafa ya san irin ginin da nake nufi. Bango mai kauri, baranda mai faɗi, rufin kwano da tsatsa ta mayar ja, tagogin katako sun karkace, dogon yaro ya yi masa rumfa, awaki na kwana a ƙofa. Wasu tsofaffin ofisoshin En'e ne, wato hukumar gargajiya ta zamanin Turawa, wasu ajujuwan elementare, wasu gidajen ma'aikata, wasu kuma barikin da Joji, Baturen mulki, ke sauka in ya fita rangadi ƙasar wani uban ƙasa. Kowace damina tana cin wani abu daga jikinsu, ga kuma yaranmu masu shirin jarrabawa suna neman inda za su zauna da littafi babu hayaniya, ba su samu ba.

Na san akwai masu cewa kufan Nasara ne, a rushe a huta. Ina fahimtar zafin. Ranar 15 ga Maris 1903 aka gwabza da Turawa a Giginya, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira, ya yi shahada a Burmi cikin watan Yuli na shekarar. Ba abin da za a manta ba ne. Amma a tambayi kai: wa ya kwaɓa ƙasar? Wa ya ɗauko dutsen a ka? Da kuɗin wa aka biya? Kakanninmu ne, wani lokaci ma da aikin tilas, kuma da harajinsu da jangalinsu. Ginin namu ne tun daga tushe. Abin da ya rage shi ne ƙofar da talaka ke tsayawa nesa da ita yana rawar jiki ta zama ƙofar da jikansa zai shiga da littafi a hammata. An yi irin wannan a wasu wurare: Gidan Ɗan Hausa a Kano, inda Baturen makaranta Hanns Vischer ya zauna, yau wurin adana tarihi ne, gidan Sardauna a Kaduna kuma ya zama Arewa House, inda masu bincike ke wuni.

Mataki na farko: gano mai ginin, a kuma riƙe takarda

Kada ku sayi ko gwangwanin fenti ɗaya kafin wannan. Ginin da kuke gani kamar ba shi da mai shi, ranar da ya yi kyau masu shi za su fito.

A Sakkwato mallakar irin waɗannan gine-gine ta bi hannuwa da yawa. Kadarorin En'e, da dama daga cikinsu sun koma hannun ƙananan hukumomi bayan gyaran tsarin mulkinsu na 1976, wasu suna ƙarƙashin masarauta. Na gwamnatin lardi sun bi ta Jihar Arewa maso Yamma a 1967, sannan Jihar Sakkwato a 1976. Abin da ya shafi gidan waya kuwa na tarayya ne. Wasu gidajen an sayar wa ma'aikata tuntuni, magada ne ke da su yanzu. Saboda haka ku fara da sakatariyar ƙaramar hukumar da ginin yake, ko Sakkwato ta Arewa ce, ko ta Kudu, ko Wamakko, daga nan ku wuce ma'aikatar filaye ta jiha ku nemi a duba fayil. Dokar filaye ta 1978 ta sa filin birni a hannun gwamna, don haka alkawarin baki na wani jami'i, komai kirkinsa, ba ya tsayawa a gaban wanda zai gaje kujerarsa.

Hukuma ba ta ba wa mutum ɗaya gini, kuma bai kamata ta bayar ba. Ku kafa ƙungiya, ku yi mata rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni a matsayin ƙungiya mai amintattu, ku buɗe asusun banki da sa hannun mutum biyu ko uku. Cikin amintattun a samu malami da jama'a ke girmamawa, da mace mai faɗa a ji, da wanda ya san lissafin kuɗi, da matashi mai jini a jika.

Yarjejeniyar da za ku sa wa hannu ta fayyace tsawon lokaci. A ganina duk abin da bai kai shekara goma sha biyar ba bai cancanci wahalar gyaran rufi ba. Ta faɗi abin da za a yi da ginin, da wanda zai biya gyara, da wa'adin sanarwa in hukuma ta so karɓa, da makomar littattafai da kayan sola in an rabu. A haɗa har da harabar da itatuwan cikinta, domin sau da yawa ana ba da gini a yanka filin gabansa a yi shaguna. Lauya ya duba kafin kowa ya sa hannu. Sannan ku leƙa ofishin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta kafa, ku tabbatar ko ginin yana cikin waɗanda aka ayyana a matsayin kayan tarihi. In yana ciki, ba a taɓa shi sai da izininta.

Mataki na biyu: gaisuwa

A garin nan ba a fara abu a unguwa ba a gaida masu unguwa ba. Ku je wurin mai unguwa, shi zai kai ku ga hakimi, har zuwa uban ƙasa. Ba da takardar neman kuɗi za ku je ba. “Ranka ya daɗe, mun zo neman izini da albarka, muna son yaran unguwa su samu wurin karatu.” Ku gaida limamin masallacin da ke kusa da malaman zaure, ku gaya musu ƙarara irin littattafan da za a ajiye, da yadda za a tsara zaman maza da mata. Jita-jitar da ba a tare ta da wuri ba tana iya rufe wurin kafin a buɗe shi.

Akwai kuma waɗanda ake mantawa: masu amfani da ginin yanzu. Mai shayin da ya kafa tebur a gindin bango, almajiran da ke kwana a baranda, tsohon maigadin da ya shekara ashirin a wurin ba albashi. In kun kore su da wulaƙanci kun sayi gaba. Mai shayi zai iya komawa bakin ƙofar harabar, masu karatu su zama abokan cinikinsa. Maigadin ya fi kowa sanin inda rufi ke yoyo da inda maciji ke fitowa. Almajiran kuwa, a yi magana da malaminsu, domin suna cikin waɗanda aka gyara wurin dominsu.

Mataki na uku: a san ginin kafin a taɓa shi

Ku ɗauki hoton kowane bango, ciki da waje, da kowace taga, da duk wani rubutu ko shekara da aka zana a jikin siminti. Ku auna ɗakuna ku zana taswira ko da ta hannu ce. Ku zauna da dattawan unguwa da waya mai ɗaukar murya: “Baba, mi anka riƙa yi cikin wanga ɗaki? Wa ka zama nan?” Abin da za su faɗa babu shi a kowane fayil. Fayilolin Lardin Sakkwato na zamanin Turawa suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, a nan gida kuma akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da Sashen Tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ɗalibi ɗaya mai neman abin da zai rubuta kundin kammala digiri a kai zai iya yi muku wannan aikin da murna.

Daga nan sai injiniyan gini mai rajista ya zo, ya zo kuma tare da tsohon magini wanda ya san aikin ƙasa. Kowannensu yana ganin abin da ɗayan ba ya gani. Tunda layin dogo bai iso Sakkwato ba, a Ƙauran Namoda ya tsaya, siminti da ƙarfe sun kasance kaya masu wuyar kawowa, shi ya sa gine-gine da yawa na lokacin gauraye ne: tushe na jan dutse, bango na tubali ko jan bulo, azara a wani wuri, katako da kwano a wani. Sai an san abin da ke ƙarƙashin shafen kafin a san maganinsa.

Tsaga ita ce abin lura na farko. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka. A ja layi da fensir a ƙarshen kowace tsaga, a auna faɗinta, a rubuta kwanan wata a gefe, a dawo bayan wata biyu ko uku, musamman in damina ta ratsa. Wadda ba ta motsa ba tsohon ciwo ne da ya warke, cikewa kawai take so. Wadda ke ƙaruwa tana nufin tushe na zaunawa, ko saiwar itace na turawa, ko ruwa na kwanciya a gindi. Bangon da ya kumbura ko ya jingina, kada kowa ya zauna kusa da shi sai injiniya ya yanke hukunci.

Ranar shara a kula. Silin ɗin da ya shekara da shekaru a rufe cike yake da kashin jemagu, ƙurarsa na cutar da huhu. A yayyafa ruwa tukuna, a rufe hanci da baki, a sa safar hannu da takalmi mai rufi saboda kunama da maciji. In akwai zuma a kira masu cire ta, kada a sa wuta a ƙarƙashin busasshen katako. Yara ba sa cikin aikin wannan rana.

Mataki na huɗu: gyara, daga sama zuwa ƙasa

A nan ne aka fi yin ɓarna, kuma da kyakkyawar niyya ake yin ta.

Rufi ne farko, kuma a gama shi kafin watan Yuni. Ruwan Sakkwato ba shi da yawa a shekara, amma in ya zo da iska yake zuwa, guguwar farkon damina kan yaye kwano gaba ɗaya. A bi katakon rufi ɗaya bayan ɗaya da tsinin wuƙa. Wanda wuƙa ta nutse a cikinsa gara ta cinye shi, a canza. Wanda ya yi tauri a bar shi, domin tsohon katako mai kyau ya fi yawancin na kasuwar yau. Azara kuwa, itacen giginya ne, gara ba ta cika damunta ba, sai dai a duba bakinta inda ta shiga bango. A ɗaure rufin da bango da ƙarfe sosai. Kada a rage tsawon bakin kwanon da ya leƙo waje don tsimi, shi ne hular bangon.

In kun tarar da rufi ko silin na asbestos, irin farantan nan masu kama da siminti, ku dakata. Muddin bai fashe ba, haɗarinsa kaɗan ne. Fasa shi, ko huda shi, ko goge shi a bushe, shi ke tayar da ƙurar da ke jawo mummunan ciwon huhu bayan shekaru. In dole a cire, a jiƙa shi, a kwance shi ɗungum ba tare da karyawa ba, a naɗe, a nemi shawarar hukumar muhalli kan inda za a binne. Kada a bar wani ya kwashe ya rufa akurkin kaji.

Bayan rufi sai ƙasa. Shekaru sun sa titi da harabar sun taso, har wani ginin ya koma cikin rami, ruwa na gangarowa gindinsa. A kwashe ƙasar da ta taru, a gyara gangara ta yadda ruwa zai gudu daga bango, a buɗe magudana. Rabin danshin da ake gani a bango daga nan yake.

Yanzu maganar siminti, wadda nake roƙo a saurara da kyau. Muna da kamfanin siminti a Kalambaina, muna alfahari da shi, kuma a sabon gini babu kamarsa. Amma bangon ƙasa numfashi yake yi: yana shan danshi da damina, ya fitar da rani. In aka lulluɓe shi da siminti, danshin da ya taso daga tushe ba shi da mafita, sai ya taru a bayan shafen yana narkar da tubali a ɓoye. Na taɓa sa hannu a irin wannan aiki a wani gari da ba zan ambata ba. Muka tara kuɗi, muka shafe tsohon aji da siminti, muka yi fenti mai sheƙi, kowa ya yaba. Damina ta biyu shafen ya ɓallo falle guda, ya taho da rabin bangon. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, domin ginin ya fi shekara sittin a tsaye kafin mu zo taimakonsa.

Abin da aka gina da ƙasa a gyara shi da ƙasa. Maginanmu suna da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, tana sa yaɓe ya jure ruwa. Suna da laso, haɗin katsi na karofi da gashin jima da dafara, kuma garin da ya shahara da jima kamar Sakkwato ba zai rasa gashin akuya ba. Masu wannan sani sun ragu, shi ya sa ya kamata a nemo su, a biya su da daraja, a haɗa su da samari biyu ko uku su koya. Inda bangon dutse ne ko jan bulo da aka ɗaure da farar ƙasa, a cike da irin abin da aka ɗaure shi da shi tun asali. Fenti ma a yi da farar ƙasa. Tana da araha, tana barin bango ya sha iska, tana mayar da zafin rana, tana ƙara haske a ɗaki. Tsohon fentin ƙofofi da tagogi kuwa yana iya ƙunsar dalma, kada a kankare shi a bushe inda yara ke wasa.

Tagogi da ƙofofi a gyara su, kada a cire. Na ga inda aka toshe dogayen tagogi da bulo aka sa ƙananan na gilashi masu zamewa, ɗakin ya koma tanda. Waɗanda suka yi ginin ba su da na'urar sanyaya ɗaki, don haka suka yi bango mai kauri, silin mai tsawo, tagogi masu fuskantar juna, da ƙananan kafofi a sama inda iska mai zafi ke fita. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, wannan dabara ita ce babbar dukiyar ginin. A buɗe kafofin da aka toshe, a sa musu raga saboda jemagu da tsuntsaye. Kada a sauko da silin, kada a rufe baranda a mai da ita ofis.

Gara kuma ba a gama yaƙi da ita, sai dai a yi ta tsaro. A nemo gidanta a harabar a tone, a sa masu feshi su yi wa gindin bango da sabon katako magani, a kwashe duk wani guntun itace da ke jingine da gini.

Mataki na biyar: tsarin zama

Ga inda nake da ra'ayi mai ƙarfi. Ba Turawa suka kawo karatu Sakkwato ba. Shehu Usmanu, da ƙaninsa Abdullahi, da ɗansa Muhammadu Bello sun bar ɗaruruwan rubuce-rubuce. Nana Asma'u ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulfulde da Hausa, ta naɗa jajoji, wato malamai mata, suna kai ilimi ga matan ƙauye ta hanyar 'Yan Taru. Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, gidansa ya kasance matattarar masu bincike daga ko'ina. Kuma karatun nan ba na shiru ba ne. A zaure ake yin sa, a kan tabarma, wani na ja wani na fassara, ana tambaya ana amsawa. In muka shirya wurin da ba a jin komai sai ƙarar fanka, da wani ma'aikaci mai harara, 'yan jarrabawa kaɗai za su zo, su ma daga sun gama sun tafi.

Don haka a raba wurin biyu. Ɗaki mafi nisa da titi ya zama na shiru, da tebura da kujeru. Baranda da inuwar itace su zama zaure: tabarmi, darduma, allo a bango, inda za a yi karatu a bayyane. Ɗaki ɗaya na yara, kantocinsa gajeru yadda hannunsu zai kai, ba kujeru da yawa.

Mata su samu ɗakinsu, in hali ya yi da ƙofarsu, da ma'aikaciya mace. In ginin ƙarami ne a ware musu ranaku ko sa'o'i, a kuma tsare su da gaske. Maigida ba zai bar iyalinsa su zo ba sai ya natsu da tsarin, uwa kuma ba za ta zauna ba in babu inda za ta shimfiɗa goyonta. Banɗaki biyu masu tsabta, da wurin alwala, da randa ko tulun ruwan sha, da ɗan wurin salla: waɗannan su ke sa mutum ya wuni maimakon ya tafi da azahar bai dawo ba. Sai dai a nisanta famfo da banɗaki daga tsohon bango da kuma ɗakin littattafai.

Irin waɗannan gine-gine galibi a kan dakali suke, da matakala. A yi gangara ta masu keken guragu, kowane tsayin taku ɗaya a ba shi tsawon taku goma sha biyu, ƙofa kuma ta kai faɗin santimita 90. Dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta wajabta samar musu da hanyar shiga a gine-ginen jama'a.

Wuta: a cire tsofaffin wayoyi gaba ɗaya, a ja sababbi a cikin bututu a saman bango, ba tare da an farfasa shi ba. Rana ba ta yi mana rowa ba, sola mai ɗaukar fitilu da fankoki da cajin waya ta isa a fara. In rufin bai da ƙarfi a kafa farantan a kan ƙarfe a harabar. Batura su zauna a wuri mai iska, nesa da takardu, da abin kashe gobara da bokitin yashi a kusa. Kwamfuta da intanet su biyo baya, in an samu mai kula da su.

Mataki na shida: littattafai

Kanta ta ƙarfe ta fi ta katako a nan, saboda gara. A ɗaga ta daga ƙasa kamar santimita 15, a janye ta daga bango kamar faɗin tafin hannu, yadda iska za ta ratsa kuma a ga hanyar gara da zarar ta fara. Kada rana ta riƙa dukan littattafai kai tsaye. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, a rufe tagogin gabas da arewa, a riƙa sharewa da busasshen ƙyalle. Da damina kuma, musamman Agusta, danshi ne, a buɗe ko'ina iska ta shiga.

In kun yi shelar neman gudummawa za a kawo muku kwalaye. Ku koyi cewa a'a cikin ladabi. Littafin koyon kwamfuta na shekara talatin da suka wuce ba zai amfani kowa ba, cin wuri kawai zai yi. Littafi ɗari biyar da ake so sun fi dubu biyar da ba mai buɗewa. Duk wanda ya shigo a ware shi mako biyu a duba ko da ƙwari a ciki. Wanda aka ga alamar ƙwaro a ɗaure shi a leda a sa a firiza mai ƙanƙara sosai na mako guda, a bar shi ya huce a cikin ledar kafin a buɗe.

Me za a ajiye? Ku tambayi masu zuwa. Za ku ji littattafan jarrabawar gama sakandare da ta shiga jami'a, da na koyon aikin jinya da malanta. Ku ƙara da labaran Hausa, har da na marubutan zamani da mata ke so, kada a raina su, su ne suka riƙe karatun Hausa a ɗakunan aure. A sa littattafan addini na Larabci da fassararsu, da na ajami, da abin da aka samu na Fulfulde, da tarihin Daular Usmaniyya, da na noma da kiwo da sana'a, da jaridu. Na yara masu hotuna su ne suka fi wuyar samu kuma su suka fi saurin yagewa, a ware musu kuɗi duk shekara. Hukumar ɗakunan karatu ta jiha da ma'aikatan Laburaren Abdullahi Fodiyo na jami'a za su iya nuna muku yadda ake jera littattafai da rajistarsu. Babban littafin rajista da hatimi sun isa a fara.

Wata rana wani zai zo da gafaka a hannu, ya ce takardun kakansa ne, yana so a ajiye. Wannan amana ce mai nauyi, kuma shawarata kada ku karɓa a farkon tafiya. Rubutun hannu warwatse yake, ba a ɗinke ba, in ganye ɗaya ya sauya wuri an rikita littafin. Kada a manna masa salatif, kada a like shi cikin leda mai zafi, kada a jiƙa yatsa da miyau a buɗe. In mai shi ya yarda a ɗauki hoton kowane shafi bi da bi, a ba shi kwafi, a mayar masa da kayansa, a kuma haɗa shi da masana a Hukumar Waziri Junaidu ko jami'a.

Mataki na bakwai: a sa wa wurin rai

Lokacin buɗewa ya bi rayuwar gari. Da safe 'yan makaranta suna aji, wannan lokacin matan aure ne da dattawa da masu bincike. Bayan la'asar yara da samari za su cika wurin. Bayan isha'i, in akwai fitila da tsaro, ɗalibai da 'yan kasuwa. Alhamis da Juma'a, da makarantun allo ke hutu, a gayyato almajirai da yardar malamansu. Yaron da ya iya karanta ajami ya riga ya san sirrin harafi, boko ba zai yi masa wuya ba. Da azumi a sauya jadawali, a koma safiya da bayan tarawihi.

A samu abu ɗaya da ake yi kowane mako ba fashi, ko mutum uku ne suka zo. Misali karatu a bayyane ranar Asabar da yamma: wani mai murya ya karanta babi ɗaya, a tsaya inda labari ya yi daɗi, a ce sai mako mai zuwa. Wanda bai iya karatu ba ma yana da rabo a nan, kuma sau da yawa shi ne zai fara tambayar yaushe za a buɗe ajin manya. A gayyaci tsoffin mata su yi tatsuniya, da masu waƙen Nana Asma'u, da marubutan gari su karanta abin da suke rubutawa. A nemi gidajen rediyo, irin su Rima, su riƙa sanarwa.

A bango ɗaya kusa da ƙofa a rubuta tarihin ginin da boko da ajami: me aka gina shi don yi, su wa suka yi aikin, me ya faru a ciki. In wurin tara haraji ne a faɗa. In an tsare mutane a ciki a faɗa. A liƙa hotunan yadda kuka same shi.

Aron littafi zuwa gida a fara shi da kaɗan, littafi ɗaya na mako biyu, da katin shaida da wanda ya tsaya wa mutum, malaminsa ko mai unguwarsu. Wasu za su ɓace, a sa wannan a lissafi tun farko. Kada ɓatan goma ya sa a kulle dubu a kabad.

Mataki na takwas: abin da zai riƙe shi

Kuɗin gyara ya fi sauƙin samu, domin mai bayarwa yana ganin abin da ya yi. Albashin mai kula da wurin, da maigadi, da canjin batura, da farar ƙasar shekara, su ne ke gagara. Aikin sa kai yana da iyaka. Mutum ɗaya aƙalla ya zama ana biyansa duk wata, kuma a zaɓe shi don son yara da son littafi, ba don ɗan wane ne ba.

Hanyar da ta fi dacewa da mu ita ce waƙafi. Mai hali ya tsayar da shago ɗaya ko biyu, ko gona, kuɗin hayar su riƙa shiga asusun wurin. Jihar Sakkwato tana da Hukumar Zakka da Waƙafi, a nemi shawararta kan yadda za a rubuta shi ya tsaya ko bayan ran mai bayarwa. A ƙara da ɗan abin shiga daga hoton takardu da buga su, da kuɗin katin shekara mai sauƙi ga manya, yara kuwa kyauta. Duk wata uku a liƙa lissafin shiga da fita a allon sanarwa inda kowa zai gani. Gudummawar ɗan siyasa a karɓa in babu sharaɗi, amma kada a rataya hotonsa, kada a ba da wurin don taron jam'iyya, domin gwamnati na sauyawa.

Sai littafin kula da gini, wanda zai zauna a teburin mai kula. Cikin watan Mayu a hau rufi a duba ƙusoshi, a share magudanai, a sare rassan da suka kwanto kan kwano. Bayan kowane ruwa mai ƙarfi a zagaya da tocila a duba silin da kusurwoyi, a rubuta abin da aka gani da kwanan wata. Kowace Juma'a kafin a rufe a leƙa bayan kantoci saboda gara. Cikin Oktoba, in ruwa ya ɗauke, a kira magini ya cike inda yaɓe ya zaizaye, a sake shafa farar ƙasa kafin iskar hunturu ta taso.